Yawuri da Baƙinta

Kafin daminar 1968 babu mai kiran Yelwa garin bakin tafki, domin babu tafkin. Kogin Kwara ne kawai, yana gangarowa daga wajen Gaya da Ilo. Idan ya shigo ƙasar Yawuri sai ya rarrabu, ya bar gungu nan ya bar gungu can, wani da gari a kansa, wani sai gonaki da ciyawa, kafin ya sake haɗewa ya nufi duwatsun Busa inda ruwa ke hauka. A waccan daminar ce aka rufe ƙofofin madatsar Kainji, can kudu, nisan fiye da kilomita ɗari daga Yelwa. Ruwa ya tsaya, ya kumbura, ya fara komowa da baya. Cikin 'yan watanni ya haɗiye tsohuwar Busa da fadarta, ya haɗiye tsibirai masu yawa, ya ci wani ɓangare na tsohuwar Yelwa. Da ya natsa, sai ga tafki mai tsawon kusan kilomita 135, wanda a wasu wurare mutum ba ya hango ƙetarensa. Yelwa, hedikwatar masarautar Yawuri, ta wayi gari a bakinsa ta arewa.

Duk lokacin da aka tashi zancen jawo masu yawon buɗe ido zuwa wannan gari, ruwan nan ake fara nunawa, kuma ba laifi, ruwa ne mai kyan gani. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, Yawuri ba yau ta fara karɓar baƙi ba. Da baƙo aka gina ta, da shi ta yi arziki, kuma duk sa'ad da ƙafarsa ta ɗauke sai garin ya ji a jikinsa. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne irin baƙon, da abin da ke kawo shi, da ko yana kwana ko wucewa yake yi.

Baƙin farko da suka ba garin suna fatake ne. Wanda ya taso daga Kano ko Katsina zai tafi Gwanja sayen goro, dole ne ya ƙetare Kwara, kuma ɗaya daga cikin manyan mafitai tana ƙasar Yawuri. Ayari ne ke zuwa, madugu da jagaba da mutanensu, jakuna ɗauke da kanwa da tufafin saƙi da fatu da kayan doki. Su sauka a zango, su huta, su sayi hatsi da kifi, su biya kuɗin fito, masu jirgi su ƙetarar da su da dabbobinsu. Daga nan su shiga ƙasar Borgu, su bi ta Nikki da Jugu da Sansanen Mango da Yandi, har Salaga. Tafiya ce ta watanni, kuma da dawowa nan ɗin dai za su sake biyowa, wannan karon da huhunan goro da ake ta yayyafa wa ruwa kada su bushe. Zangunan Hausawa da ke ƙasar Gana a yau, wasu daga cikin kakanninsu ta wannan hanya suka bi. Sarki yana samun nasa, mai jirgi yana samun nasa, mai tuwo da mai ciyawar jaki suna samun nasu. Fatake ba su zo kallon komai ba, amma suna kwana, suna kashe kuɗi, wasu ma su yi aure su zauna.

Ta haka Hausa ta zama harshen kasuwa da na fada a ƙasar da asalin mazaunanta ke da nasu harsunan. Akwai Gungawa, mutanen tsibirai, waɗanda ke kiran kansu Reshe. Akwai Kambari da Dukawa a tudu, akwai Shangawa da Lopawa a bakin kogi, ga kuma Sarkawa masunta. Masu jera Hausa Bakwai da Banza Bakwai sun saka Yawuri a kashi na biyu, sai dai wannan jeri bai hana ta zama ɗaya daga cikin tsofaffin sarautun Hausa da suka tsallake jihadi da gidan sarautarsu ba. Sarki Muhammadu Albishir ɗan Ayi, wanda ke kan gado a farkon ƙarni na 19, ya zaɓi amana da Gwandu maimakon yaƙi, ya riƙe ƙasarsa. Wanda ke son zurfafa bincike a kan wannan zamani yana da inda zai fara: marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan wannan masarauta, da tarihin Yawuri ya fara bincikensa na jami'a kafin ya rubuta shahararren littafinsa kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma.

A zamanin Albishir ne wani irin baƙo na daban ya biyo ruwa. Mungo Park, ɗan ƙasar Sukotlan, ya taso daga Sansandin ta ƙasar Mali a ƙarshen 1805 cikin wani jirgi da suka harhaɗa, yana neman inda Kwara ke ƙarewa. Da ya iso Yawuri, tafintansa Amadi Fatuma ya sauka, domin iyakar yarjejeniyarsu ke nan. Bisa labarin da tafintan ya bayar daga baya, Park ya ba da kyautar da za a kai wa sarki, wanda aka damƙa wa ya danne, aka gaya wa sarki cewa Bature ya wuce bai yi gaisuwa ba. Ko ma yaya aka yi, jirgin bai wuce duwatsun Busa ba, can Park da sauran mutanensa suka halaka. Turawa sun daɗe suna ɗora wa mutanen kogi laifi. Ni ina ganin baƙon da ya ratso ƙasashe yana harbin duk kwale-kwalen da ya matso shi, ba ya tsayawa gaida masu ƙasa, ya riga ya jawo wa kansa tun kafin ya iso.

Bayan shekara 24 da mutuwar Park, a 1830, 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo Birnin Yawuri, inda fada take a lokacin, neman takardun Park. Sun yi makonni a garin, sarki yana ta ja musu rai, suka tafi ba su samu takardun ba. Amma sun bar mana bayanin abin da suka gani: birni mai girman gaske, kewaye da doguwar ganuwa, da kasuwa, da masu saƙa, da masu haɗa albarushi, da gonakin shinkafa da albasa. Daga nan suka koma Busa, suka bi ruwa har teku a ƙarshen wannan shekarar, suka warware abin da ya ci ran Park. Ke nan duk wanda ya karanta tarihin binciken kogin Kwara, a kowace ƙasa yake, ya ci karo da sunan Yawuri, ko da bai san a wace jiha take ba.

Birnin da su Lander suka gani bai daɗe da wannan girma ba. Rigimar gado ta raba gidan sarauta, aka yi ta yaƙin basasa, Nagwamatse ya kafa Kwantagora ya yi ta yankar ƙasa yana kama mutane, har ta kai sarauta ta koma tsibirin Ikum domin neman mafaka a tsakiyar ruwa. Sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da fada Yelwa, inda take har yau. Birnin Yawuri ya koma ƙaramin gari a gefen hanya, da sauran ganuwa da damina ke ci kaɗan-kaɗan. Turawan kamfani suka zo, Turawan mulki suka biyo baya, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko da jirgin ƙasa zuwa Kano. Ayarin jakuna ya ɗauke ƙafa.

Abin da ya maye gurbinsa shi ne mota. Babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta biyo Ilori da Jabba da Kwantagora ta nan take wucewa zuwa Koko da Jega da Sakkwato. Duk wanda ya saba bin wannan hanya ya san tsayuwar Yawuri: direba ya kashe mota, a yi alwala a yi salla, a ci shinkafa da kifi, a sayi bandar tarwaɗa da albasa a kai gida tsaraba. Sai dai baƙon mota ba irin na ayari ba ne. Sa'a guda ta ishe shi. Mutane da yawa sun wuce Yawuri sau ba adadi, amma ba su taɓa gangarawa sun ga ruwan da kifin da suke ci ya fito daga cikinsa ba. An ce baƙo raɓa ne, to wannan ko rana ba ya jira ta fito.

A kan wannan hali madatsa ta samu garin. An fara aikin a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi ginin, aka ci gaba da shi har cikin yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya buɗe a 1969. An tsara wurin injuna 12, aka kafa takwas, masu ƙarfin megawat 760. A lokacin babu aikin da ya kai shi girma a Nijeriya, kuma gaskiya ne ya haskaka birane ya tayar da masana'antu. Wutarsa har Yamai take zuwa ta layin Birnin Kabi, shi ya sa da aka yanke ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 mutanen Yamai suka ji jiki. Wannan shi ne ɓangaren labarin da ake koyarwa a makaranta.

Ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne na mutum kusan dubu 44 da aka tayar daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200, a ƙasar Yawuri da ta Borgu. Ba a watsar da su a daji ba, dole a faɗi wannan. An gina musu sababbin matsugunai, wani mai zanen gine-gine Robin Atkinson ya tsara gidajen, na bulo da rufi mai lanƙwasa, kuma a wancan zamani an yaba wa shirin idan aka kwatanta shi da na wasu madatsun Afirka. Amma gida ɗaya ne daga cikin abin da mutum ke rasawa idan aka tashe shi. Bagunge manomin albasa ne na ƙwarai. Yana da ƙasar da kogi ke zuba wa sabon laka kowace shekara, yana ban-ruwa da hannu saboda ruwan na kusa da shi, yana kama kifi a bayan gida, yana da wuraren tsafinsa da kaburburan iyayensa, yana da ruwa kewaye da shi wanda ya kare kakanninsa daga mahara. Aka ɗauko shi aka ajiye a tudu, kusa da hanya, cikin mutanen da ba harshensu ɗaya ba. Wani masanin halayyar al'umma ɗan Amurka, Frank Salamone, ya zauna a yankin bayan tashin, ya rubuta yadda Gungawa ke rikiɗewa suna zama Hausawa. Abin ya faro tun kafin madatsa, amma madatsa ta ƙara masa gudu. Yau akwai jikokin Gungawa da dama da ba sa iya gaisuwa da harshen Reshe.

Ba ina kukan Hausa ta yaɗu ba ne, da ita nake rubutun nan. Amma mu da harshenmu ya ci riba bai kamata mu yi kamar ba mu ga wanda ya yi asara ba. Sunayen tsibiran da ruwa ya rufe, da sunayen kifaye da ciyayi, da yadda ake gane zurfi daga launin ruwa, yawancinsu cikin waɗancan harsuna suke. Wanda yake saurayi lokacin da aka kwashe su, yanzu ya haura saba'in. Idan waɗannan dattawa suka ƙare ba a naɗi bakinsu ba, babu inda za a je a tono, domin wurin da kansa yana ƙarƙashin ruwa.

Tafkin ya zo da nasa baƙin. A shekarun farko kifi ya yi yawa ƙwarai, saboda ciyayi da itatuwan da ruwa ya rufe sun ruɓe sun zama abinci. Masunta suka yi ta kwararowa daga Kabi da Nufe da wurare masu nisa, suka kafa tungaye a gaɓa. Giwan ruwa, ƙarfasa, falya, ƙurungu, bargi, ga ɗan ƙaramin kifin nan warangi da ake shanyawa a rana a auna da mudu. Kasuwannin Yawuri da Warra da Malale suka cika da dillalai daga kudu. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kamu ya faɗi sosai. Abincin farko ya ƙare, masu kamu sun yi yawa, idon raga ya yi ta ƙanƙancewa. Daga baya aka shigo da ragar dala, wadda idan aka ja ta zuwa gaɓa ba ta barin babba ba ta barin ƙarami. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus ya yi aiki da sarakuna da sarakunan ruwa aka kafa dokar hana ta. Dokar ta yi aiki gwargwadon yadda masu sa ido suka tsaya, da suka gaji ita ma ta gaji. Ga kuma kainuwa da ta shigo ta toshe mashigai. A 'yan shekarun nan samari da yawa sun ajiye taru sun koma ramukan zinariya, wadda dama tun zamanin Turawa an san akwai ta a ƙasar Yawuri.

To yanzu me baƙon da ya zo kallo zai gani? Zai ga abubuwa da yawa, idan ya yarda ya bar bakin titi. Ya sauka bakin ruwa da sassafe ranar kasuwa, lokacin da jiragen inji ke isowa daga ƙauyukan ƙetare ɗauke da buhunan shinkafa da albasa da awaki da babura, kwale-kwale na kutsawa tsakaninsu, mata na ciniki tun kifi bai fito daga jirgi ba, hayaƙin banda na tashi daga bayan rumfuna. Babu wanda ya shirya wannan domin baƙo, shi ya sa ya fi duk abin da za a shirya. Ya ƙetara daga Zamare zuwa Rofiya ya ga faɗin ruwan da idonsa. Idan ya yi sa'a ya hango dorina, daga nesa dai, domin manoman gaɓa ba su ɗauke ta abin sha'awa ba, tana cinye shinkafa kuma tana kisa. Akwai ayu a tafkin, ko da yake ganinsa sai mai rabo.

Ya kuma tambayi masunta labarin ruwa biyu da ke zuwa musu kowace shekara. Na farko farin ruwa, na damina, mai laka, wanda ruwan saman yankin nan ke kawowa. Na biyu baƙin ruwa, wanda ke isowa cikin sanyi lokacin da ko ɗigo ba a yi a nan. Ruwan saman tsaunukan Gini ne, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso nan a tace. Da waɗannan biyun ake lissafin su da shuka. Idan bazara ta yi tafkin ya ja baya, sai gaɓa ta buɗe, manoma su bi sawun ruwa da shuka, Fulani su gangaro da shanu. Wanda ya zo a watan Janairu da wanda ya zo a watan Yuni ba gari ɗaya za su ba da labari ba.

Sai Rigata, bikin da aka farfaɗo da shi a shekarun baya-bayan nan. Ana danganta asalinsa da farautar dorina da atisayen yaƙin ruwa na Gungawa. Yau tseren kwale-kwale ne da ninkaya da wasannin ruwa da kiɗa, gwamnoni da sarakuna a rumfa, Mai Martaba Sarkin Yawuri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi yana mai masaukin baƙi. Biki ne mai kyau, kuma ya dawo wa mutanen ruwa da martabar da suka daɗe ba su gani ba. Amma kwana biyu ko uku ne a shekara. Argungu, a jiha ɗaya da Yawuri, ta fara nata bikin kamun kifi tun 1934, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, kuma duk da haka sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi ba saboda rashin tsaro. Abin da ke tsayar da baƙo a Argungu ranar da babu biki shi ne gidan tarihi na Kanta. Yawuri tana da abin da za ta cika irin wannan gida har ya yi mata kaɗan: hanyar Gwanja, zuwan Park da su Lander, jerin sarakuna, kayan su da na farautar ruwa, taswirar ƙauyukan da suka nutse da muryoyin waɗanda suka fito daga cikinsu.

Wanda ya ƙara gaba zuwa ƙarshen tafkin ta kudu zai tarar da Sabuwar Busa, garin da aka zana a takarda kafin a gina shi, da madatsar kanta, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, da kwalejin kula da namun daji. Kusa da nan ne gandun dajin Kainji yake, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar haɗe dajin Borgu da na Zugurma, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,000. Shi da Yankari ne aka sani da sauran zakunan Nijeriya. Akwai lokacin da ɗaliban makaranta da ma'aikatan ofisoshin jakadanci ke zuwa su kwana a sansanin kogin Oli. Wannan ya zama labari, domin 'yan bindiga sun samu maɓoya a dajin, kuma ba wanda zai ba ɗan'uwansa shawarar shiga yanzu.

Nan ne maganar take ɗaci, kuma ba amfani a kewaye ta. Shekarar 2021 ta nuna wa duniya Yawuri ta fuskar da ba wanda ya so. Ranar 26 ga Mayu wani jirgi da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra ya tarwatse a tsakiyar ruwa, ɗauke da mutane fiye da 150, galibi 'yan kasuwa, mata da yara a ciki. Kaɗan ne suka tsira. Ba a gama zaman makoki ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai. Sai a 2023 na ƙarshen 'yan matan suka dawo gida. Sunan da a dā ake karantawa a littafin tarihi, ya koma ana jin sa a labaran safe.

Hatsarin jirgi a wannan tafki ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san shi. Itatuwan da ba a sare ba kafin a tare ruwa suna nan tsaye a ƙasa, idan ruwa ya ja baya kututturansu na dab da sama. Jiragen katako ne, wasu sun tsufa. Ana loda musu mutane da kaya fiye da ƙima saboda jirgi ɗaya ne zai tashi ranar, wanda ya rasa shi ya rasa kasuwa. Ana tafiyar dare. Iska na tasowa farat ɗaya a faɗin da babu tsibirin da za a fake. Rigar ruwa kuwa, ko an raba, sau da yawa tana rataye a gida. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan da ke samar da wutar ruwa, ta fara rabon riguna da sare kututture, kuma ya kamata a yaba. Sai dai an yi dokar kafa ta tun 2010, ba ta fara aiki ba sai bayan shekara goma, madatsar kuwa ta riga ta haura hamsin.

Shi ya sa duk lokacin da na ji ana lissafin otal da wurin shaƙatawa da za a gina a bakin tafki domin baƙi, sai in ga an fara daga ƙarshe. Abin da baƙo ke bukata kafin ya zo shi ne abin da matar da ke kai shinkafa Warra take bukata tun tuni: jirgin da ba zai rabe biyu ba, mashigi mai alama, mai sa ido a tasha da zai ce lodi ya isa, hanyar da za a bi ba tare da an riƙe numfashi ba, wutar da ba za ta ɗauke a garin da ya ba da ƙasarsa domin a samar da ita ba. Fatake ba su bi ta Yawuri don kyanta ba. Sun bi ne saboda akwai sarkin da ya lamunce musu hanya da masu jirgin da suka san ruwa. Ranar da ɗan gari ya samu wannan lamuni, baƙo zai zo ko ba a buga talla ba. Kuma baƙon da ya fi kusa ba Bature ba ne. Ɗaliban Sakkwato da Birnin Kabi da Kwantagora ne, da iyalan da ke neman inda za su kai yara hutu, da direban da ya shekara ashirin yana wucewa.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Masarauta da malaman tarihi na jami'o'in yankin za su iya tura ɗalibai ƙauyukan da aka sake wa matsuguni, da wayar hannu kawai, su zauna da dattawa maza da mata, su naɗi sunayen garuruwansu na dā da inda suke da yadda aka fito, cikin Reshe da Kambari da Lopa kafin a mayar Hausa. A kewaye abin da ya rage na ganuwar Birnin Yawuri kada a gama ɗibar ƙasarta ana yin bulo. Wannan ba ya bukatar ɗan kwangila.

Kai kuma mai karatu, idan hanya ta biyo da kai, kada ka tsaya a kifin bakin titi. Tsakanin Disamba da Fabrairu ya fi, lokacin da tafki ke cike kuma zafi bai sauka ba. Ka tambayi halin da hanya ke ciki kafin ka taso, ka yi tafiyarka da rana, ka kwana a garin, ka sauka bakin ruwa da safe. Idan za ka shiga jirgi ka nemi rigar ruwa, in an ce babu ka haƙura da ƙetarawar.